Jini yana zuwa yana ɗaukewa bayan allurar tazarar haihuwa: yaushe za ta yi wanka ta koma salla?

Mai Ajin Matan Aure

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da 'yan'uwa, ina neman a warware mini wata mas'ala da ke yawan tasowa a ajin matan aure, musamman daga bakin waɗanda suka yi allurar tazarar haihuwa ta wata uku. Zan kawo misali ɗaya da kwanakinsa domin amsar ta sauka a kan abu tabbatacce.

Mace ce mai tsayayyiyar al'ada, wani watan kwana 5, wani watan 6, ba ta taɓa wuce 6 ba. Sai ta yi allura. Bayan tsarki na kusan kwana 20, jini ya zo mata ranar 1 ga wata, ya yi 1, 2 da 3, ya ɗauke. Ranar 4 da 5 ba komai. Ya dawo 6 da 7. Daga 8 zuwa 10 a bushe take. Ranar 11 da hantsi ta ga ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa a kamfai, daga shi ba ƙari. Ranar 12 da 13 ba komai. Daga 14 kuma ya ɓalle, ja ne mai ruwa-ruwa, ba wari, ba ciwon mara, bai tsaya ba sai ranar 22.

Wanne ne haila a ciki, wanne ne jinin ciwo? A wace rana ya wajaba ta yi wanka? Abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne, a Ahalari mun karanta cewa mai al'ada tana ƙara kwana uku a kan al'adarta, a Risala kuma an ce wadda jini ya zarce mata ta zauna har kwana 15. Da wanne za a yi aiki? Allah ya saka da alheri.

Almajirin Zaure

Wa alaikumus salam warahmatullah. Malama, Allah ya ƙara wa ajin albarka. Yadda kika jero kwanakin ya rage rabin aikin.

A mazhabar Malikiyya ba a tambayar "kwana nawa ne tun da ya fara?" Ana tambayar "kwana nawa ta ga jini a cikinsu?" Wannan shi ne talfiƙi, wato harhaɗa kwanakin jini kaɗai a tsallake na tsarki. Kafin a fara harhaɗawa sai an san iyakar da za a tsaya. Mai al'ada tana ɗaukar mafi tsawon al'adarta, ba wadda ta fi yawan zuwa ba, ta ƙara kwana 3 na jira, waɗanda ake kira istizhari, da sharaɗin jimillar kada ta haura 15. Ita wannan mafi tsawon al'adarta 6 ne, don haka iyakarta 9. Da al'adarta 13 ce, kwana 2 za ta ƙara. Da 14 ce, kwana 1. Mai 15 ba ta ƙara komai.

Ga lissafin. Ranar 1, 2, 3 uku ke nan. Ranar 6 da 7 sun zama biyar. Ranar 11 ta zama shida, domin a mashhurin mazhaba, wato maganar da ake fatawa da ita, ruwan fatsi-fatsi da gurɓatacce haila ne, kuma haila ba ta da mafi ƙaranci a babin ibada, ko ɗigo ɗaya ne an lissafa ranar. Sai 14, 15, 16, tara ta cika. Da faɗuwar ranar 16 hailarta ta ƙare a hukunce, ko da jinin na zuba. Ta yi wanka ta sallaci magariba. Na ce faɗuwar rana ne saboda a lissafin shari'a dare yana gaban yininsa, jinin da aka gani bayan magariba na gobe ne.

Jinin 17 zuwa 22 istihala ne, wato jinin ciwo, mai shi kuwa mai tsarki ce. Tana salla, tana azumi, tana ɗawafi, tana taɓa Alƙur'ani da alwala, mijinta yana kusantarta. Asalin wannan hadisin Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ne a Buhari da Muslim, da ta ce wa Manzon Allah (SAW) jini ba ya yanke mata, ko ta bar salla? Ya ce a'a, wannan jijiya ce ba haila ba.

Kwanakin da ke tsakani, wato 4, 5, 8, 9, 10, 12 da 13, nan ne mata suka fi yin asara. Tsarki ne na gaske. Duk sanda ya ɗauke wanka ya wajaba, ta yi salla, ta yi azumi idan Ramadan ne kuma azumin ya yi, miji ya halatta. Ba ta zama tana cewa "ai zai dawo". Sauƙi ɗaya malamai suka bayar: idan ta fi zaton zai dawo kafin lokacin sallar da take ciki ya fita, ba a umartarta da wanka saboda wannan ɗan yankewar. Ranar 11 kuma tana da fuska biyu. A wajen ƙirga ranar jini ce, amma a wajen salla, da zarar ɗigon ya tsaya ta duba ta ga tsarki, wanka za ta yi ta sallaci azahar da la'asar. Lissafa rana cikin kwanakin haila bai sauke mata sallolin yinin duka ba.

Tsarki kuwa da ɗayan alama biyu ake gane shi. Ta farko bushewa: ta sa farar auduga ko farin ƙyalle a gabanta, ya fito ba jini, ba fatsi-fatsi, ba ruwan ƙasa. Danshin da mace ba ta rabuwa da shi ba ya hana a ce ta bushe. Ta biyu farar kumfa, wani farin ruwa da ke fitowa a ƙarshen haila. Wadda ta saba ganin farar kumfa, idan bushewa ta riga zuwa, an so ta ɗan jira kumfar zuwa ƙarshen lokacin zaɓi na sallar, wato kafin a shiga lokacinta na larura, ba fiye da haka ba. Duba shafin ƙunzugu kawai ba ya wadatarwa, domin jini kan tsaya a ciki bai fito ba. Lokacin dubawa shi ne kafin barci da lokutan salloli. Ba a ɗora mata tashi tsakar dare da fitila ba, a Muwaɗɗa ma an ruwaito 'yar Zaidu ɗan Sabit tana aibata wa mata yin hakan.

Sai abin da ke biyo bayan 16. Mafi ƙarancin tsarki kwana 15 ne, saboda haka daga 17 har 31 duk jinin da ta gani, ko wane iri ne, ba haila ba ne. Bayan 31 hali uku ne. Idan ta samu kwana 15 a jere ba ta ga komai ba, jinin da ya zo bayansu sabuwar haila ce kai tsaye. Idan jinin yana ta kai-komo, sai ta ga ya sauya zuwa wanda ta sani, ya yi duhu, ya yi kauri, warinsa ya fito, ko ciwon marar da ta saba ya zo tare da shi, to wannan haila ce, shi ake kira tamyizi. Yawa ko ƙaranci kaɗai ba a bambancewa da su, domin suna bin abinci da yanayin jiki. Idan kuma jinin nan ne mai ruwa-ruwa bai sauya ba, tana nan a mai istihala, tana sallarta ko da zai yi watanni.

A kula da wani abu: al'ada a Malikiyya tana tabbata da sau ɗaya. Tunda ta zauna 9 a wannan karon, 9 ta zama mafi tsawon al'adarta. In jinin haila ya sake zarcewa a wani zagayen, 12 za ta zauna, na gaba 15, daga nan ba ƙari. Amma mai tamyizi da ta ga jinin ya koma mai ruwa-ruwa bayan cikar al'adarta, ba ta yin istizhari, wanka za ta yi.

Game da Risala da Ahalari, ba kuskuren bugu ba ne, ruwayoyi ne biyu daga Imamu Malik. Ibnu Abi Zaid ya tafi a kan zama kwana 15, har ma ya ambaci kwana 8 ko 10 a matsayin ratar da ke raba jini biyu. Muhtasar na Halil da Ahalari sun tafi a kan istizhari, Halil kuma ya sa mafi ƙarancin tsarki kwana 15, kuma wannan ne mashhurin da ake fatawa da shi. Kwana 15 kai tsaye na mai farawa ne, yarinyar da ba ta da al'adar da za a koma gare ta. Wallahu a'alam.

Ɗalibar Hadisi

Allah ya gafarta Malam, lissafin ya fito sarai a bisa mashhuri. Ina da tsokaci a wuri biyu, domin Malama za ta gamu da ɗalibai da suka ji wata fatawar daban, kada ta ɗauka ɓata suka yi.

Na farko ɗigon ranar 11. Ummu Aɗiyya ta ce ba sa ɗaukar gurɓataccen ruwa da fatsi-fatsi a bakin komai, Buhari ya ruwaito, a ruwayar Abu Dawuda kuma akwai ƙarin "bayan tsarki". Wannan matar ta bushe kwana uku cur kafin ɗigon. Maganar Nana A'isha da take ce wa mata kada su yi gaggawa sai sun ga farar kumfa, a kan fatsi-fatsin da ke manne da jini ne a ƙarshen haila, ba wanda ya zo shi kaɗai bayan an tsarkaka ba. Da haka ake haɗa ruwayoyin biyu. A cikin Malikiyya ma Ibnul Majishun a kan haka yake. Wadda ta bi wannan, ranar 11 ba wanka a kanta, ta wanke wurin ta yi alwala, kuma kwanakinta tara sai ranar 17 za su cika. Ga mai allura, wadda ɗigo irin wannan zai iya zuwa mata sau biyar a wata, bambancin ba ƙarami ba ne.

Na biyu istizharin kansa. Ibnu Rushd ya faɗa a Bidayatul Mujtahid cewa Malik da almajiransa ne suka keɓanta da shi, ba wanda ya tafi a kansa tare da su sai Imamu Auza'i, kuma abin da aka ruwaito a kansa mai rauni ne. Abin da ya inganta shi ne umarnin da aka bai wa Ummu Habiba 'yar Jahshi, wadda ta shekara bakwai tana istihala: ta zauna gwargwadon yadda hailarta ke tsare ta, sannan ta yi wanka. Wadda ba ta da al'ada kuma ba ta iya bambancewa, hadisin Hamnatu 'yar Jahshi, wadda ita ma ta yi fama da istihala, ya ba ta kwana 6 ko 7 a kowane wata. Amfanin wannan hanyar shi ne mai istihalar da ba ta bambancewa tana da kwanakin zama a kowane wata, ba a ce ta yi ta salla wata da watanni ba hutu.

Sauran mazhabobi ma iyakokinsu daban. Hanafiyya mafi ƙarancin haila kwana 3, mafi yawa 10. Shafi'iyya da Hambaliyya mafi ƙaranci yini da dare, mafi yawa 15. A wajensu ɗigon hantsi guda da ya tsaya shi kaɗai bai kai haila ba. A alwala ma sun fi tsanantawa: Shafi'iyya sun wajabta wa mai istihala alwala ga kowace farilla, Hanafiyya da Hambaliyya ga kowane lokacin salla.

Shawarata ga Malama, ta koyar da hanya ɗaya daga farko har ƙarshe. Abin da ke rikita mata shi ne ɗaukar istizhari daga nan, a ɗauko kwana 10 daga can, a watsar da fatsi-fatsi a watan azumi, a lissafa shi a watan sanyi don gudun wanka. Tunda littattafan ajin na Malikiyya ne, lissafin Malam ya ishe su, sai dai a sanar da su cewa saɓanin yana nan.

Almajirin Zaure

Haka ne, Ɗalibar Hadisi, maganar Ibnul Majishun sananniya ce kuma tana da ƙarfi, ban ga laifin wadda ɗigo ya addaba ta yi aiki da ita ba, in dai a kanta za ta dawwama.

Tunda allura ce sanadi, bari in ƙara wani abu. Halil ya siffanta haila da jinin da ya fita da kansa. Daga nan malamai suka tattauna macen da ta sha magani don ta jawo jini kafin lokacinsa: malaminsa Manufi ya ce ba a ƙirga shi a idda, a ibada kuma abin da aka rinjayar shi ne kada ta bar salla da azumi saboda shi, sannan ta rama azumin don kariya. Mai allurar tazara ba don ta jawo jini ta yi ba, kuma a misalin nan ya zo ne bayan cikakken tsarki, kusa da lokacinsa, shi ya sa na bi da shi ta hanyar haila. Da a ce kwana 10 kacal da wankanta ya zo, hukuncin ya sauya: in al'adarta da istizharinta ba su cika a karon baya ba, a haɗa shi da na bayan har su cika, sauran ya zama istihala.

Ungozoma

Salamu alaikum. Hukunci na malamai ne, ni ɓangaren asibiti zan taɓa.

Abin da aka siffanta sananne ne ga allurar wata uku, irin su Depo-Provera da Sayana Press, da kuma ashanar da ake sa wa a damtse, Implanon ta shekara 3 da Jadelle ta shekara 5. Sinadarin da ke cikinsu yana hana ƙwai fita, yana kuma sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, ƙananan jijiyoyinta su riƙa tsattsafo da jini ba tsari. Shi ya sa yake zuwa ja, mai ruwa-ruwa, ba ciwon mara. A allura ya fi yawa a watanni 3 zuwa 6 na farko, daga nan ya ragu, kuma bayan shekara kusan rabin masu yin ta ba sa ganin jini sam. Wannan ɗaukewar ba taruwa jinin yake yi a ciki ba, shimfiɗar ce ba ta kauri balle ta zube. Ita ashana rikicinta kan daɗe fiye da haka. Robar mahaifa mai jan ƙarfe kuma ba ta cika rikita kwanan wata ba, sai dai ta ƙara yawan jinin da tsawonsa.

Launin ruwan ƙasa yawanci tsohon jini ne da ya jima kafin ya fito. Amma ruwa mai ɗorawa ko kore-kore da ke tafe da ƙaiƙayi, ko ƙarni, ko zafin fitsari, wannan alamar ciwon sanyi ce, magani yake so, kuma bai kamata a bar salla ana ƙirga shi a haila ba tare da an duba ba.

Ba kowane jini ake jingina wa allura ba. A je asibiti ranar, ba sai gobe ba, idan audugar mata tana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, ko gudaji manya suna fita, ko akwai jiri, bugun zuciya da haki, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, musamman in ana zaton ciki, domin ɓari da cikin da ya zauna a wajen mahaifa haka suke farawa. A je a duba ba da jinkiri ba idan jini na zuwa bayan saduwa, ko ya dawo wa wadda ta shekara da daina al'ada, saboda sankarar bakin mahaifa da ta mahaifa. Ƙari a mahaifa, rikicin ƙwayayen ƙwai da matsalar maƙoƙo su ma suna kawo irin wannan. Abin da aka saba yi shi ne gwajin ciki, gwajin yawan jini, duba bakin mahaifa, wani lokaci da hoton mara.

Akwai magungunan 'yan kwanaki da ake bayarwa su tsayar da zubar, da ƙwayoyin ƙarin jini. Ma'aikaciyar da ta yi allurar ce za ta zaɓa, domin wasunsu ba su dace da mai hawan jini, mai gyambon ciki ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba. Allura dai in ta shiga ba a cire ta, sai ta gama wa'adinta, ashana kuwa ana iya cirewa a sauya wata hanyar.

Abu ɗaya da zai yi wa malami da likita amfani tare: ƙaramin littafi. Kowace rana a rubuta kwanan wata, lokacin da aka gani da lokacin da ya tsaya, launi, wari ko ciwo, da adadin audugar da aka sauya. Mai cewa "ya kai sati uku yana yi mini wasa" ba wanda zai iya yi mata talfiƙi, ba kuma wanda zai iya auna jinin da ta zubar.

Mai Ajin Matan Aure

Allah ya saka wa kowa da alheri, Sista mun gode. Saura biyu. Mai wannan misalin ba ta yi salla ba tun daga 1 har 22, tana zaton duk haila ce. Me ke kanta? Sannan mata suna kuka da yawan wanka, ga kitso, ga sanyi. Dole ne a tsefe kai kowane karo? Kuma yaya mai istihala za ta yi da tufafinta da alwalarta?

Almajirin Zaure

Ramuwa ce a kanta, Malama. Kwanakin tsarki bakwai ne: 4, 5, 8, 9, 10, 12, 13. Na istihala shida: 17 zuwa 22. Kwana 13 sau 5, salla 65. Sai ta ƙara sallolin ranar 11 da ɗigon bai shafa ba, da duk sallar da tsarki ya riske ta a cikin lokacinta a ranakun da jinin ya ɗauke, kamar yammacin 3 ko na 7. Inda ta yi shakka ta ɗauki adadi mafi yawa. Akwai malaman da suka yi wa irinta uzuri da rashin sani, suna kafa hujja da cewa ba a umarci Hamnatu da ramuwa ba, amma ramuwar ita ce fatawar da aka fi bayarwa, kuma 65 ba abin da zai gagare ta ba ne. Ahalari ya ce wanda ke rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba mai sakaci ba ne, ka ga kwana uku sun ishe ta. Ta jero su yadda suka wuce, asuba, azahar, la'asar, magariba, isha, ta bayyana karatu a ta bayyane ta asirta a ta asirce. Ramuwar farilla ba ta da lokacin hani, ko bayan la'asar ko rana na fitowa. Tunda suna da yawa, sallar da ke kan lokaci ita ake fara yi in lokacinta ya ƙure. Ta dakata da nafilfili irin walaha har ta gama, ban da shafa'i da wutiri da raka'o'in alfijir.

Ga ma'aunin riskar lokaci, tunda mai yankewar jini kullum tana cin karo da shi. Idan ta tsarkaka da yamma, ta cire lokacin da wanka zai ci ba tare da jan jiki ba. In abin da ya rage kafin faɗuwar rana zai ɗauki raka'a 5, azahar da la'asar duka suna kanta. In 4 ne zuwa 1, la'asar kaɗai. Da dare, in ya rage na raka'a 4 kafin alfijir, magariba da isha, in ƙasa da haka, isha kaɗai. Asuba kuwa raka'a 1 kafin fitowar rana. Haka yake in aka juya: wadda jini ya zo mata saura lokacin raka'a 5 rana ta faɗi, ba ta yi azahar da la'asar ba, sun sauka daga kanta, ba ramuwa, sai dai ta yi laifin jinkiri in ba uzuri. In saura 4 zuwa 1 ne, la'asar ta faɗi, azahar tana nan bashi.

A azumi, in ta ga tsarki kafin alfijir ko da ɗan kaɗan, ta ɗaura niyya, wanka ko bayan alfijir ne ba komai. Niyyar sai an sabunta, domin haila ta yanke ta farkon wata. In ta farka ta ga tsarki ba ta san kafin alfijir ne ko bayansa ba, ta kame ta kuma rama. In da rana tsaka ta tsarkaka, ba a ɗora mata kame baki ba, ranar dai ramuwa ce.

Kitso ba a tsefe shi don wanka. Ta zuba ruwa sau uku tana matsa kitson tana cuɗa fatar kai har ruwa ya ratsa. Ana warwarewa ne in an ɗaure shi tamau yadda ruwa ba zai shiga ba, ko an naɗe shi da zare mai yawa, ko an cika shi da man da ya daskare ya zama shamaki. Mai fama da wannan larura ta yi kitso manya sassauƙa. Jan farce na kanti sai an goge, lalle kuwa ba ya hana komai. Wankan da ya wajaba gajere ne: niyya, game jiki da ruwa, cuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon tsaiko ba. Ba sharaɗin sabulu, ba sharaɗin ruwan sanyi, buta biyu ta ruwan ɗumi ta isa in an bi lungunan jiki: cibiya, hammata, ƙarƙashin nono, bayan gwiwa, tsakanin yatsu. Taimama sai in ruwan zai jawo ciwo ko ya ƙara shi kuma ba halin ɗumamawa. Bayan wankan ranar 16 ba wani wanka na wajibi a kanta saboda istihala. Ranar da ta yanke, kamar 22 a nan, mustahabbi ne.

Alwala kuma ana duba yawan zuwan jinin a tsakanin lokutan salla. In yana zuwa rabin lokacin ko fiye, ba ya karya alwala, an dai so ta sabunta ga kowace salla in ba wahala. In ɗaukewarsa ta fi zuwansa yawa, to fitarsa tana karyawa, sai ta nemi lokacin da ya lafa ta yi alwala ta yi salla. Yadda za ta yi a aikace: lokaci ya shiga, ta wanke gabanta, ta sa sabuwar auduga ta ɗaure da kamfai mai kama jiki, ta yi alwala, ta tayar da salla ba tare da ta tsaya wani aiki ba. Abin da ya zubo tana cikin salla ba ya ɓata ta. Buhari ya ruwaito ɗaya daga matan Annabi (SAW) ta yi i'itikafi tana istihala, har akan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana salla.

Tufafi kuwa, jinin da bai kai faɗin dirhami ba an yi rangwame a kansa, malamai suna kwatanta shi da baƙin da'irar da ke cikin ƙafar gaban alfadari. Wadda jinin ke zuwa mata kullum ko da sau ɗaya ne, an yi mata rangwame a abin da ya taɓa jikinta da zanenta ko ya fi haka, sai dai an so ta wanke in ya yi yawa. Rangwamen bai shafi wurin salla ba, don haka ta ware zane ɗaya na salla, ta kuma shimfiɗa wani ƙyalle a kan darduma wanda za ta iya ɗaukewa ta wanke.